Yadda za ka zaɓi ƙananan ƙararrawa da sandunan amo don saitin ganga

Kirash da sifilash, wato simbal, faya-fayan ƙarfen nan da ake bugawa a saitin ganga, hayaniya suke yi. Ka buga, su fashe, su wuce, kuma babu mai iya cewa ga muryar da suka tsaya a kai. Ƙararrawa kuwa tana da murya tsayayya wadda za ka iya rerawa da baki, sannan tana daɗewa a iska bayan ka ɗage sanda. Shi ya sa zaɓenta ya fi na sauran simbal wuya, duk da ita ce mafi ƙanƙanta a saiti. Idan muryarta ta ci karo da ta kibod ko ta mawaƙi, kowa zai ji, har wanda ke zaune a layin ƙarshe.

Kafin ka fitar da kuɗi, koma kan rayid ɗinka tukuna, wato babban simbal ɗin da ake riƙe kiɗa a kansa. Tulluwar da ke tsakiyarsa ƙararrawa ce, kuma rayid mai kauri na inci 20 ko 22 yakan ba da amo mai tsabta idan ka buga tulluwar da kafaɗar sanda. Makaɗa da yawa sun sayi ƙararrawa ta daban, suka kai gida, suka tarar muryarta kusan ɗaya da wadda ke kan rayid. Bambancin da ya kamata ka nema shi ne murya ta sama sosai, wadda babu shuuu ɗin rayid a ƙarƙashinta.

Wane aiki za ta yi a waƙa

Amsar wannan ita ke yanke girma da kauri. Idan bugu ɗaya kake so a wurin da waƙa ta tsaya, ko a farkon amshi, ko a tsakiyar shiru, nemi mai kauri mai dogon amo. Idan kuma jerin bugu za ka riƙa yi a kai da sauri, dogon amo zai ɓata maka aiki. Yi lissafin da kanka: waƙa mai bugu 120 a minti, gaɓa ɗaya mai bugu huɗu sakan 2 take ci. Ƙararrawa mai kauri tana iya jan amo sakan 10, wato gaɓa biyar ke nan tana kuka bayan bugu ɗaya tak. A cikin gaɓa biyar mai kibod ya canja kod, wato haɗin muryoyin da yake dannawa tare, sau nawa? Muryar da ta dace da kod na farko ba lalle ta dace da na uku ba.

Wannan ya fi shafar mai kiɗa irin na Afirka ta Yamma, hayilaif da afrobit da waƙoƙin yabo masu sauri, inda ƙarfe ke riƙe da tsarin kiɗa daga farko har ƙarshe. Ƙarfen da aka saba yi wa wannan aiki, irin su kuge da agogo, baƙin ƙarfe ne mai busasshen amo, kowane bugu yana mutuwa kafin na gaba ya zo. Ka ɗora wannan tsari a kan ƙararrawar tagulla mai kauri, bugun duka zai narke ya zama ƙara ɗaya doguwa. Wanda wannan ne aikinsa ya sayi kaubel kawai, wato ƙararrawar baƙin ƙarfe irin ta wuyan saniya, ya fi araha kuma ya fi dacewa.

Abin da ke kasuwa

Masu kauri sosai, masu siffar kwano kife, su ne aka fi sani. Zildjian na yin Zil-Bel a girma biyu, inci 6 da inci 9.5. Kamfanin LP na da Ice Bell, inci 7 da kusan inci 9, kuma UFIP da ke garin Pistoia a Italiya ya daɗe yana zuba irin wannan ƙararrawa. Meinl na Jamus na da nasa na inci 8. Dukansu suna da ƙarfin murya, suna ratsa jita mai ƙara, shi ya sa makaɗan rok da metal suka fi riƙe su. A ƙaramin ɗaki kuwa suna iya yin yawa.

Akwai masu ɗan sauƙin kauri waɗanda ake saye biyu ko uku ko fiye don a jera. Paiste na Suwizalan na yin Cup Chime a jerin 2002, girma bakwai, daga inci 5 zuwa inci 8, kowanne ya ɗara na bayansa da rabin inci. Sabian na Kanada ya yi Max Bell Chime tare da Mike Portnoy, makaɗin ƙungiyar Dream Theater, inci 6 da 6.5 da 7. Muryarsu ta fi taushi, amonsu bai kai na Zil-Bel tsawo da nauyi ba, kuma su ne suka fi dacewa da wanda ke son ɗan waƙe a cikin kiɗansa. Sabian kuma na da Alu Bell na alminiyam, inci 7 da 9 da 11, marar nauyi a hannu, mai murya zagayayya wadda ba ta soka kunne kamar ta tagulla.

Sai kurotal, ƙananan faya-fayai masu kauri, faɗinsu wajen santimita 10, waɗanda aka saita kowanne a kan murya takamaimai kamar maɓallin fiyano. Jeri ɗaya cikakke guda 13 ne. Kayan manyan ƙungiyoyin kiɗa ne, suna da tsada, kuma sandar ganga ba ta fito da muryarsu yadda ya kamata, sai da guduma mai taurin kai. Mai saitin ganga ba ya bukatar jerin duka. Guda ɗaya ko biyu a ki, wato matakin muryar da aka fi yin waƙa a kai, sun isa, in ma ana bukata.

Mafi araha duka su ne simbal na yatsa, 'yan ƙanana masu faɗin santimita 5 zuwa 6. Ka ɗaure ɗaya da zare a jikin sitan, wato ƙarfen tsaye da ke riƙe simbal, ka taɓa shi da kan sanda, za ka sami tiiin siririya wadda ta isa waƙa mai sanyi ko ɗakin ɗaukar sauti. A babban fili ba za a ji shi ba sai da makirfo a kusa.

Ƙarfen da aka yi ta da shi

Za ka ga an rubuta B20 ko B8 a bayanin kaya. B20 tagulla ce mai kashi 80 na jan ƙarfe da kashi 20 na kuza. B8 kuma kashi 92 jan ƙarfe, kashi 8 kuza, shi ya sa launinta ya fi ja. A kirash da rayid mutane na ɗaukar B8 a matsayin ta masu koyo, amma kada ka kawo wannan ra'ayi nan. Jerin 2002 na Paiste, wanda ya fito a 1971 kuma ƙwararru ke amfani da shi har yau, da B8 ake yin sa, kuma a ƙararrawa wannan haɗi yana ba da murya mai haske wadda ta tsaya wuri ɗaya. B20 ta fi yawan ƙananan muryoyi da ke bin babbar muryar a baya. Wasu kunnuwa na jin haka a matsayin daɗi, wasu na jin sa a matsayin datti.

Wanda za ka yi hattara da shi shi ne rawayan ƙarfe, haɗin jan ƙarfe da tutiya, irin wanda ake yin simbal ɗin da ke zuwa kyauta da saiti mai araha. Amonsa gajere ne, kuma idan ka ƙara ƙarfin bugu ba ya buɗewa, sai ya yi kwam kamar murfin tukunya. Amma idan gajeren amo kake nema da gangan, ba laifi ba ne.

Girma da kauri da murya

Ƙa'ida biyu ce. Ƙaramin faɗi, murya ta sama. Ƙarin kauri, shi ma murya ta sama. Ta biyun ce ke rikita mutane, domin ido na ganin abu mai kauri da nauyi ya zaci zai yi murya mai zurfi. Kauri na ƙara wa ƙarfe tauri, abu mai tauri kuma ya fi saurin karkarwa. Saboda haka ƙararrawa biyu masu inci 7 daga kamfani biyu za su iya yin nisa da juna sosai a murya, kuma lambar da ke jikin kwali ba za ta faɗa maka ba.

Faɗi ya fi kauri tasiri. A faifai shimfiɗaɗɗe, idan ka rage faɗi zuwa rabi ba ka taɓa kauri ba, saurin karkarwa na ninkuwa sau huɗu. Ƙararrawa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, don haka lissafin ba ya fita daidai, amma ya nuna dalilin da rabin inci ke da muhimmanci a wannan girma. Daga inci 6 zuwa 6.5 kunne na jin bambanci sarai, alhali daga kirash na inci 17 zuwa na 18 wani ba zai ma lura ba.

Idan biyu ko uku za ka haɗa, auna tazararsu da maɓallan kibod, kana ƙirga fari da baƙi duka. Tazarar maɓalli 3, ko 4, ko 5, ko 7 tana zama lafiya a kunne. Maɓalli 2 ma yana wucewa idan ba tare za ka buga su ba. Guji tazarar maɓalli 1 ko ƙasa da haka. Muryoyi biyu da suka yi kusa da juna ba su haɗu ba suna haifar da wata rawar amo, wuwuwuwu, wadda ke ƙara muni gwargwadon tsawon amonsu. Kuma ka tuna tulluwar rayid ɗinka tana cikin lissafin. Ita ce ƙararrawa ta farko a saitin, duk wadda za ka ƙara da ita za a gwada ta.

Manhajar saita jita ta waya ba abin dogaro ba ce a nan. Ƙananan muryoyin ƙarfe ba sa jeruwa da tsari kamar na tsirkiya, sai manhajar ta riƙa tsalle daga harafi zuwa harafi. Hanyar da ta fi aiki ita ce ka buga, ka jira sakan ɗaya bugun farko ya wuce, ka rera abin da ya rage da baki, sannan ka lalubo shi a kibod. Idan ƙungiyarku tana da ki biyu ko uku da ta fi yin waƙa a kai, sa mai kibod ya riƙe kod ɗin farko na kowanne kana bugawa. Wadda ta zauna lafiya a biyu daga cikin uku, ka riƙe ta. Babu wadda za ta dace da kowane ki, kuma mafi ƙanƙanta, inci 5 zuwa 6, sun fi samun sassauci domin muryarsu ta haye can sama inda kunne ba ya tsananta bincike.

Mu dai shawararmu guda ɗaya za ka fara saye, tsakanin inci 6 da 7, ka yi wata ɗaya ko biyu da ita. Bayan haka za ka san ko ta sama kake nema a ƙara ko ta ƙasa, ko ma ɗayar ta wadatar.

Gwaji a shago

Tafi da sandarka, ba ta shago ba. Sanda mai kan roba tana fito da kaifi, mai kan itace tana rage shi, kuma sanda siririya irin 7A ba ta motsa ƙararrawa mai kauri yadda mai kauri irin 5B za ta yi. In da hali tafi da rayid ɗinka, in babu hali ɗauki muryar tulluwarsa a waya.

Kada a gwada maka ita a riƙe da hannu, yatsu na kashe amo. A ɗora ta a sitan, ko ka rataye ta a kan fensir ta ramin tsakiya. Buga sau uku: a hankali da kan sanda, da matsakaicin ƙarfi, sannan da kafaɗar sanda. Mai kyau tana magana tun a bugu mai sauƙi. Wadda ba ta buɗe baki sai an dake ta za ta tilasta maka yin ƙara a kowace waƙa. Sai ka ƙirga sakan nawa amon ya ɗauka kafin ya ɓace, ka kuma saurari wutsiyarsa. Idan ya siranta ya tafi a miƙe, lafiya. Idan ka ji zzz a ƙarshe, ko dai akwai tsaga ko wani noti a sitan ya kwance, don haka canja sitan ka sake.

Daga nan ba wani sandar, ka ja baya kamar mita 5. Abin da makaɗi ke ji a kujera daban yake da abin da jama'a ke ji. A kusa, bugun farko ne ke cika kunne. A nesa, muryar da ke jan amo ce ke isa. Idan ta intanet za ka saya, saurari bidiyo fiye da ɗaya da abin sa wa a kunne, ka kuma sani cewa guda biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya ba lalle muryarsu ta zo ɗaya ba, musamman waɗanda aka zuba aka gyara da hannu.

Ɗaurawa

Nan ne ake kashe ƙararrawa mai kyau. Ramin tsakiyarta wajen rabin inci ne, kusan milimita 13, kamar na sauran simbal, don haka tana hawa kowane sitan. Jerin kayan daga ƙasa shi ne wosha, zoben ulu, bututun roba da ke rufe ƙarfen sitan, ƙararrawa, wani zoben ulu, sai noti mai kunne. Bututun robar nan ba ado ba ne. In babu shi, tagulla na gugar tiredin ƙarfe, ramin ya fara zama dogo maimakon zagaye, daga nan tsaga ke tashi. Duba shi duk bayan 'yan watanni, domin ƙararrawa mai nauyi tana cinye roba da wuri.

Zoben ulu na kirash yana da faɗin kusan santimita 4. A kan simbal na inci 18 wannan ba komai ba ne, amma a kan ƙararrawa mai faɗin santimita 15 ya danne wuri mai yawa, har ya kai inda take karkarwa. Yi amfani da ƙananan zobba irin na maƙalin hai-hat, wato simbal biyun da ake haɗawa da ƙafa, ko ka rage babba da almakashi. Noti kuma ka juya shi har ya taɓa ulu, sannan ka mayar da shi baya rabin juyi. Ƙararrawar ta iya lilo kaɗan idan ka taɓa ta da yatsa.

Ba sai ka sayi sabon sitan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora ta a kan kirash, bakinta na kallon sama, da zoben ulu tsakaninsu don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ba ta cin ko kwabo, amma nauyinta na danne kirash ya rage masa amo da lilo, kuma a wasu sitan tsawon tiredin ba ya isa noti ya kama. Hanya ta biyu ita ce ɗan ƙarfen ƙari da ake ɗaurawa a madadin noti, mai tsawon inci 4 zuwa 8, wanda ke ɗaga ƙararrawa sama da kirash. Kafin ka saya auna tiredin sitan ɗinka: na zamani yawanci milimita 8 ne, tsofaffi da masu araha da yawa milimita 6, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya. Ta uku ita ce hannu mai kilam da ake maƙalawa a jikin wani sitan. Ita ta fi ba da 'yancin wuri, sai dai ka tabbata hannun yana bisa ɗaya daga cikin ƙafafun sitan ɗin uku, in ba haka ba nauyi zai rinjaye shi ya faɗi.

Kife ko a buɗe? Idan tulluwa na sama, kan sanda na samun wurin sauka mai faɗi, murya ta fito da tsabta, kuma sanda na daɗewa. Idan baki na sama, gefen kake bugawa da kafaɗar sanda, ƙara ta fi yawa, amma kaifin gefen yana cin itace. Wanda ke yawan bugu da sauri ya bar tulluwa a sama.

Wurin da ya fi dacewa shi ne inda hannu zai kai ba tare da ka miƙe gwiwar hannu duka ba: tsakanin hai-hat da tom na farko (tom su ne gangunan da ke jere a gabanka), ko tsakanin tom na biyu da rayid. Abin bugun ƙarami ne, kuskure kaɗan ka dake noti. Idan uku ne, jera su kamar tom, mai siririyar murya a hagu, mai zurfi a dama. Kada ka ɗaga ta daidai kunnenka. Saitin ganga na haura desibel 100 idan ana kiɗa da ƙarfi, kuma a wannan mataki minti 15 a rana ne iyakar da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka ba kunne marar kariya. Abin toshe kunne na makaɗa ya fi kowace ƙararrawa araha.

Idan amo ya yi tsawo, kada ka matse noti. Manna ɗan tef mai faɗin santimita 2 a cikin kwanon daga ƙasa. Kusa da tsakiya yana rage kaɗan, kusa da baki yana rage da yawa, sai ka matsar har ka sami tsawon da kake so.

Sandunan amo

Wannan wani kaya ne daban: jerin ƙananan sandunan ƙarfe da aka rataye a jikin katako, daga doguwa zuwa gajera, waɗanda ake shafawa da yatsa su zubo da amo. Wani makaɗin sutudiyo a Amurka, Mark Stevens, shi ya ƙirƙiro shi a 1967, shi ya sa a kasuwa za ka ji ana ce masa mark tree. Ba a saita sandunan a kan wani ki ba, tazarar da ke tsakaninsu ƙanana ce ƙwarai, don haka matsalar karo da kibod ba ta taso ba. Matsalolinsa na wani wuri.

Na farko yawan sanduna. Mai layi ɗaya yakan kama daga goma sha wani abu zuwa talatin da wani abu. Kamfanin TreeWorks na Nashville a Amurka na da mai 35 a layi ɗaya da mai 69 a layi biyu, Meinl na da mai 27 da 33 da 66. Mai layi biyu ya fi kauri da ƙara, ya kuma fi wuyar tsayarwa. Mai 35 faɗinsa ya haura rabin mita, ka auna ko akwai wurinsa a gefen saitinka. Ga mai ganga wanda hannu ɗaya kawai zai iya saki na ɗan lokaci, layi ɗaya mai sanda 20 zuwa 27 ya isa.

Sandar alminiyam cikakkiya tana da haske da sauƙin motsi. Ta rawayan ƙarfe ta fi nauyi da ɗumin murya, kuma a nan wannan ƙarfe ba aibi ba ne. Akwai kuma masu rami a ciki kamar bututu. Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci shi ne zaren. Ɗaga katakon ka duba: kowace sanda da nata ƙulli, ko zare ɗaya ne ya ratsa duka? Idan ɗaya ne, ranar da ya tsinke sanduna da yawa za su zube tare. Saƙaƙƙen zare ya fi siririyar roba mai kama da ta fatsa daɗewa, domin robar na bushewa ta karye idan ta sha zafi da rana. Riƙe shi a miƙe ka ga ko sandunan sun rataya daidai ba su taɓa juna ba, sannan ka shafa a hankali daga doguwa zuwa gajera. Amon ya hau a jere. Sandar da ta yi tak ba amo, ko dai ƙullinta ya matse ta da katako ko ta tsage a wurin rami.

Kada ka sayi marar abin tsayarwa, wato doguwar sanda mai ulu da ake dannawa ta kama su duka. In babu shi, za ka shafa a ƙarshen baiti, mawaƙi ya shiga na gaba, sandunan na nan suna hira. Kuma ba hannunka kaɗai ke motsa su ba. Fanka ta sama ko ta tsaye, iskar da ke shigowa ta taga, da girgizar babbar gangar ƙafa a kan dandamalin katako duk suna kaɗa su. Saboda haka ba su sitan nasu daban, kada ka maƙala su a jikin gangar ƙafa ko sitan ɗin hai-hat, kuma ka bar abin tsayarwar a danne sai lokacin bukata. Da yatsa ake shafawa, kusa da ƙasan sandunan. Sandar ganga na tsinka zare. Daga doguwa zuwa gajera amo na hawa, ya dace da shiga amshi. Akasin haka yana sauka, ya dace da rufe waƙa.

In za ka ɗauke shi zuwa wani wuri, kwantar da shi a kan tawul ka naɗe sandunan kafin ya shiga jaka. Idan zare ya tsinke, saƙaƙƙen zaren kamun kifi na yin aikin. Ka daidaita tazarar sandar da katako da ta maƙwabtanta, ka ɗiga ɗan gam a kan ƙullin kawai, kada ya taɓa sandar.

Na hannu, da wadda za ka yanka da kanka

Ƙararrawa mai kauri ba ta cika lalacewa ba, don haka ta hannu sayayya ce mai kyau idan ka duba abu huɗu. Ramin tsakiya ya kasance zagaye, babu ƙananan tsagu a gefensa. Ka bi bakin da farce, duk inda ya maƙale ka duba da kyau a haske. Manyan kamfanoni da yawa suna buga tambarinsu a cikin ƙarfen, ba fenti kaɗai ba, don haka ka nemi hoton na asali ka gwada. Sannan ka kanga mata maganaɗisu: tagulla da rawayan ƙarfe da alminiyam ba sa kama shi, in ya manne baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi.

Idan kana da tsohon rayid mai kauri da ya tsage a baki, tulluwarsa ƙararrawa ce da ke jiran a fitar da ita, muddin tsagar ba ta kai kusa da tsakiya ba. Zana da'ira da maka daga ramin tsakiya, ka bar leɓe na santimita 1 zuwa 2 bayan inda tulluwar ta ƙare. Daure simbal ɗin a kan katako, a yanka da giranda mai siririn faifai, kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana zuba ruwa. Idan ƙarfen ya fara canja launi zuwa shuɗi, zafi ya yi yawa, kuma wurin zai yi saurin karyewa daga baya. B20 ta fi B8 gautsi, ita ta fi bukatar haƙuri. Tabarau na kariya dole ne. Idan mai walda za ka kai wa, gaya masa tun farko kada ya kusanto da wuta. Bayan yanka a goge baki da magagari, sannan samfefa mai lamba 120, sai 240, sai 400, har yatsa ya bi ba ya jin kaifi, domin duk ɗan tsinin da aka bari nan sabuwar tsaga za ta fara. Muryar da za ta fito ba ta zaɓuwa tun kafin yanka. Fara da leɓe mai faɗi ka saurara, in ta yi ƙasa ka ƙara ragewa ta hau, amma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Wajen tsabta, busasshen ƙyalle mai taushi bayan kowane kiɗa ya isa, musamman lokacin ƙurar hunturu da kuma damina da gumin hannu ke barin tabo. In ta yi datti sosai, ruwa da ɗan sabulu, ka shanya ta nan take da ƙyalle. Toka da yashi da soson ƙarfe suna kankare tambari da siririn shafen da ke kare ƙarfen, ruwan lemun tsami kuma yana sa ta haske yau ta yi duhu da sauri bayan 'yan kwanaki. A cikin jakar simbal, naɗe ta a nata ƙyalle daban, domin bakinta mai kauri yana karce kirash da sifilash idan suka gogu a hanya.